Sunan da Kawu Ya Tafi da Shi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu wata Laraba da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma tun daga ranar tabarmin ƙofar gidanmu a Sabo, unguwar Hausawa a nan ƙasar Yarbawa, ba su huta ba. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bai bar ɗa ba, bai bar mata ba, ko gida nasa na kansa bai bari ba. Shago ɗaya ya bari, cike da matattun rediyo da fankoki. Amma wallahi na ga zaman makokin manyan alhazai a unguwar nan da bai tara rabin mutanen da nasa ya tara ba.

Wani ƙaton ɗan kasuwar albasa daga Shasha, gemu har ƙirji, ya zo ya durƙusa ya yi addu'a, aka shafa. Sai ya dube ni ya ce, “To yanzu jirgin nan fa, ya sauka kuwa?” Duk wanda ya tashi a layinmu ya kwashe da dariya, shi kuwa mai tambayar ya rufe fuska da hannun riga yana kuka kamar yaro. Wata mata ta taso tun daga Legas, ta ce wa mata a cikin gida har yau ba ta iya kwanciya kusa da taga, kuma Kawu ne ya ja mata. Bakanike Bayarbe da ke maƙwabtaka da shagon ya tsaya daga nesa yana girgiza kai, yana ta maimaita cewa Baba Silima ya tafi. Haka duk unguwa ke kiransa.

Ni ban yi dariya ba, ban kuma yi kuka yadda ya kamata ba, don duk wanda ya gama yi mini gaisuwa sai ya ƙara riƙe hannuna ya yi ƙasa da murya ya ce, “An ce ya faɗa maka.” Yayana ne ya baza zancen. Yana bakin ƙofar ɗakin asibiti ya ga Kawu ya ɗora bakinsa a kunnena. Saboda haka kowa a gidan ya ɗauka sunan yana wurina, kuma akwai wata tsohuwa a unguwar Mokola da ta aiko cewa ranar addu'ar uku za ta zo ta karɓa.

Bari in yi bayani, don wanda ba ɗan gidanmu ba ba zai gane ba.

Kawu yana saurayi shi ke juya injin wani gidan silima da ke kusa da Mokola, wanda yanzu ya zama ɗakin ajiyar kaya. A ƙofar silimar ya haɗu da wata Bayarbiya musulma mai sayar da dafaffiyar gyaɗa, ya aure ta. Ita muke kira Iya. Allah ya ba su 'ya mace. Ranar da aka haife ta Kawu ya ɗauke ta ya yi mata huɗuba, ya raɗa mata sunan da ya zaɓa a kunne. A gidanmu kuwa, a wancan zamani, sunan jariri ba ya fita daga bakin uba sai safiyar suna. Ko uwar ba a gaya mata, wai don gudun baki. An sayi rago, an sayi goro, an aika wa dangi har Kano. Kafin ranar ta zo yarinya ta koma.

A nan tsofaffi suka shiga. Kakarmu, mahaifiyar Kawu da Inna, ta ce wannan wabi ne. Tsofaffin gidan su Iya suka ce abiku ne, irin yaran nan masu zuwa su koma. Ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko a kan gishirin miya, amma a kan wannan bakinsu ya zo ɗaya: idan aka kira sunan, yarinyar za ta ji, ta dawo, ta sake tafiya. Kaka ta kama hannun Kawu ta ɗora a kanta, ta sa ya rantse ba zai faɗi sunan ga kowa ba, sai ranar da aka haifi wata mace a zuriyarta wadda za ta ɗauke shi ta zauna da shi. Ya rantse. A ganinsu shekara ɗaya ce ko biyu.

Iya ba ta sake samun ciki a gidan ba. Ta roƙi Kawu ya gaya mata sunan 'yarta, ta yi kuka, ta yi yaji, ya ƙi. Auren ya mutu a kan haka. Gidanmu kuma, ikon Allah, ya juye gidan maza. Inna ta haife mu duk maza. Yayyena suka yi aure, maza. Har abin ya zama abin tsokana a layi, a ce in kana neman ɗa namiji ka sha ruwan rijiyarmu. Kawu ya yi furfura da sunan a bakinsa, sai bana da likita ya duba matata ya ce mace ce take ɗauke da ita.

Mu da muka taso ba mu san wannan ba. Abin da muka sani shi ne Kawu mai labarin jirgi.

Bayan an rufe silimar ya buɗe shagon gyaran rediyo. Ranar Alhamis da Juma'a, da babu makarantar allo, daga la'asar zuwa magariba shagon nan cike yake da mu, wasu a kan benci, wasu a kan matattun akwatunan talabijin. Yana liƙa waya da dalma, hayaƙin yana shiga idonsa, yana ba da labari bai ko dube mu ba. Ya ce finafinan sama jannati da ya yi ta haskawa ko kalma ɗaya ta Turancinsu bai ji ba, hotunan kawai yake kallo ta ɗan ramin ɗakin inji, ya ɗora musu zancensa.

Labarin ɗaya ne, ya yi shekaru yana jan sa. Wai duniya ta lalace, ba tashin ƙiyama ba, a'a, mutane ne suka ɓata ta da hannunsu. Sai aka ƙera jirgi, tsawonsa daga Mokola har Akinyele, aka zuba mutane aka harba shi sama neman wata duniyar. Tafiyar ta fi ƙarfin ran mutum ɗaya. A haife ka a ciki, ka tsufa a ciki, jikanka ma bai taka ƙasa ba. Suna noma masara a ƙarƙashin fitilu, ruwan da suka yi wanka da shi inji ya tace su sha. In muka ce “Tir!” sai ya ce, “Ku da ke shan ruwan kwatar Sabo, ku rufe mini baki.”

A can ƙasan jirgin akwai wata ƙungiya mai nata addini, ana kiransu 'Yan Amsa. Su imaninsu shi ne, ranar da jirgi ya sauka, wata Murya za ta tsaya a bakin ƙofa ta kira sunayen waɗanda suka baro duniya tun farko, ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka kira ya amsa ya fita. Sunan da aka kira ba a amsa ba, ƙofa ta rufe wa kowa. Don haka a wurinsu ƙirƙirar sabon suna haramun ne, barin tsoho ya ɓace kuma ya fi haramun. Sunayen da aka taso da su, su ake ta miƙawa.

Jaririn da aka haifa ba shi da suna. Mai-jira ake ce masa, har sai wani ya zo mutuwa. Wani sai ya yi gemu yana Mai-jira. Idan tsoho ya ji alamar tafiya, sai a kawo masa Mai-jira, ya ɗora baki a kunnensa ya zuba masa sunan, shi ke nan ya sauke kaya. Kuma ba wanda ke faɗin sunansa a fili har ya mutu. Da wurin aiki ake kiran mutum: Na-ɗakin-ruwa, Ta-gonar-fitila, Na-gindin-inji. Mu ma muka raba wa junanmu irin waɗannan sunaye, ni ne Na-bayan-fanka don nan nake zama.

Wata rana wani a cikinmu ya ce, “Kawu, in mutum ya zo mutuwa babu Mai-jira a kusa fa?”

Ya ce, “Sai a kira Mai Kunne.”

Mai Kunne shi ne shugabansu, kuma shi ne abin tausayin jirgin duka. Shi ake ba ajiyar suna ya riƙe har a haifi wanda zai karɓa. Ba ya faɗa wa kowa, ko uwar da ta haifi mamacin. Ba ya yawan magana don kada ya suɓuce, ba ya cin abinci cikin mutane. Idan kuwa ya mutu da ajiya a bakinsa, sunan ya faɗa waje cikin duhun nan da ba shi da ƙasa, mai sunan ya tashi ya yi ta bin jirgi yana neman a buɗe masa. A nan Kawu zai yi shiru. Sai ka ji ƙwan, ƙwan, ƙwan, a jikin kwanon shagon. Mun san da gindin sukundireba yake yi ta ƙarƙashin tebur, mun sha kama shi, amma wallahi duk ranar da ya yi sai tsigar jikina ta tashi. Saboda mai bugun nan ne 'Yan Amsa ba sa leƙa taga.

Akwai wata mata a labarin, Ta-wajen-taga. Ɗanta ya karɓi suna yana ƙarami, ciwo ya kama shi, ya miƙa wa Mai Kunne ya mutu. Kullum sai ta je ƙofar Mai Kunne ta zauna ta ce, “Ba zan gaya wa kowa ba. Ni dai in san wa na haifa.” Wannan wurin ne Kawu bai taɓa ƙarasawa ba. Yau ya ce an kore ta zuwa saman jirgi. Wani makon ya ce ta gaji ta daina zuwa. In muka ce ai ba haka ka faɗa ba wancan karon, sai ya ce labarinmu ne ko nasa? Wata rana kuwa ya ajiye abin liƙin ya ce, “Ita ce mai gaskiya, duk jirgin nan ita kaɗai ce mai gaskiya,” ya kore mu tun rana ba ta faɗi ba. Sai da na girma Inna ta ba ni tarihin gidanmu na gane Kawu bai ƙirƙiri komai ba sai jirgin.

Labarin ya taɓa jawo faɗa. Mun ɗauki wasan 'Yan Amsa muka kai makarantar allo. Malam ya kira ni da sunana na yi banza da shi, ya sake kira, na ce, “Malam, ni Mai-jira ne.” Na sha bulala ranar, ba ƙarya. Da yamma Malam ya saɓa carbi ya nufi shagon, mu kuma muka biyo shi daga nesa don mu ga ƙarshen abin.

“Alhaji, sabon addini kake koya wa yara?”

Kawu bai taɓa zuwa Makka ba, in Malam ya ce masa Alhaji to ran Malam a ɓace yake. Kawu ya ce, “Allah gafarta Malam, ai ɓatattu ne. Ka taɓa jin na ce sun yi daidai?”

“To in ka san ɓatattu ne, me ya sa kake bin su?”

Malam sa'an Kawu ne, ya san komai, da shi aka binne yarinyar. Ya ce masa maganar wabi camfi ne, rantsuwa irin wannan kaffara ake yi a wuce, ya ciyar da miskinai ya je ya gaya wa baiwar Allah sunan 'yarta. Kawu ya ce, “Na san Allah zai yafe. Amma kan tsohuwa na dafa, kuma ta mutu. Wa zai sake ni?” Malam ya ce, “Ita mai ran fa, wa zai sake ta?” Kawu ya miƙe ya ce Malam ya fita masa daga shago. Sun daɗe ba sa gaisawa. Abin da ya shirya su lasifikar masallaci ce da ta lalace ana gobe Mauludi, aka wayi gari aka ga Kawu a kan tsani yana gyara ta ba wanda ya kira shi. Malam ne ya yi masa salla ranar Laraba, da ƙyar yake tsayuwa. A zaman makoki ya ce mini, “Na kayar da kawunka da hujja, amma ban iya kwance shi ba.”

Kawu mutum ne mai taurin kai, ba zan ɓoye ba don ya mutu. Amma ban taɓa ganin wanda ya girmama sunan mutum kamarsa ba. Duk sunan da za a yi a Sabo shi ne na farko a tabarma, ko ba a kai masa goro ba, kuma da an raɗa sai ya maimaita da ƙarfi har a juyo a dube shi. 'Yan dako da masu talla da ke zuwa daga Arewa, waɗanda kowa ke kira “kai” ko “mai kaya”, shi sai ya tsayar da mutum ya tambaye shi sunansa na yanka da na ubansa da garinsu. Akwai wani ɗan dako da ya yanke jiki ya faɗi a Shasha ya cika, abokan aikinsa laƙabinsa kawai suka sani. Kawu aka zo aka tambaya. Ya faɗi sunansa, da na mahaifinsa, da ƙauyensu a ƙasar Katsina, aka samu aka kai wa uwarsa labari.

Iya ta yi wani auren, ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki. Amma duk shekara, cikin watan da yarinyar ta koma, sai ka gan ta ta tsallako daga Mokola da wata tsohuwar rediyo a ƙunshe cikin zane. Kawu ya share mata benci, ya aika a sayo mata lemo, ya kwance rediyon ya hure ƙura ya mayar. Ba abin da ya same ta, kowa ya sani. In za ta tashi sai ta ce da Hausarta ta Yarbawa, “Baba, ba ka da magana da ni?” Ya ce, “Rediyonki lafiya lau.” Ta ce to, ta naɗe zanenta. Na ga wannan da idona ina yaro, na gani ina da gemu. Duk ranar da ta zo, da ta tafi Kawu ke rufe shago.

Ranar da na je na gaya masa abin da likita ya gani, yana cin dafaffiyar masara. Ya ajiye ta. Ya ce, “Ka tabbata? Injin nan nasu ba ya ƙarya?” Na ce an duba sau biyu. Ya tashi ya zagaya shagon, ya dawo ya zauna, ya sake tashi. Sai ya ce in je Mokola in gaya wa Iya ta ɗinka sabon kaya, ranar suna ita za ta zauna a gaba.

Na ce, “Kawu, ka faɗa mini yanzu mana. Ko ita ka faɗa mata. Saura wata biyu fa, kuma ba wanda ya san gobe.”

“Sai jaririyar ta faɗo ta yi kuka.”

“Haba Kawu! Shekara nawa? Kaka ta zama ƙasa, matar nan ta kusa bin ta!”

“Na riƙe tun ba a haife ka ba, wata biyu ne zai gagare ni?”

Raina ya ɓaci, na ce masa shi ma ya zama ɗan Amsa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Oya, tashi ka ba ni wuri, Na-bayan-fanka.” Na je Mokola na isar da saƙo. Iya ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito ta cika mini leda da gyaɗa.

Bayan 'yan makonni bakaniken nan ya tarar da shi a ƙasa cikin shago. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. A asibiti na gwada duk dabarar da na sani. Na sa masa biro a hannun hagu, ya ja wasu layuka kamar tafiyar kaza. Na ce zan jero sunaye, in na zo kansa ya matsa hannuna. Na fara, ya juya fuska bango. Har yau ban sani ba, bai gane ni ba ne, ko kuwa har a lokacin yana riƙe da rantsuwar.

Ranar Talata bayan azahar ina gyara masa matashi, sai ya cafki wuyan rigata da hannun hagu. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Ya jawo kaina, ya ɗora bakinsa a kunnena na dama. Na daina numfashi. Na ji leɓensa yana motsi a jikin kunnena, na ji ɗumin iskar bakinsa. Ba sauti. Ko harafi ɗaya ban ji ba.

Ya sake ni ya koma kan matashi. Fuskarsa ce ba zan manta ba. Duk ƙullin goshin nan da na san shi da shi tun ina yaro ya warware, yana kallona yana murmushi da rabin bakin da ya rage masa. A ganinsa ya faɗa. Na ce, “Kawu, sake faɗa,” ya lumshe ido. Na girgiza shi a hankali, na ce ban ji da kyau ba, bai buɗe ba. Da na ga haka sai na sunkuya na ce, “Na ji, Kawu.” Washegari da hantsi ya cika.

Tun daga ranar, in ina zaune cikin mutane sai in ji ɗumin nan ya dawo kunnena, in kai hannu in taɓa. In yi shiru in saurara, ko wani abu ya maƙale a ciki da zai fito daga baya. Matata ta ce ta ga ina kwanciya a ɓarin hagu kawai. Tsoro nake ji, gaskiya, ba na Kawu ba, tsoron abin da aka ba ni ban karɓa ba.

Safiyar addu'ar uku na shiga ɗakin Inna na gaya mata gaskiya. Ta ce, “Wa ka gaya wa?” Na ce ba kowa. Ta ce, “To daga ni sai kai. In ta zo ka ce Maryam. Suna ne mai kyau, mu sa wa yarinya shi. Tsohuwa ce, ka bar ta ta mutu da sanyin zuciya.” Na ce, “Inna, ƙarya fa.” Ta ce, “Uwata ta ƙulla, yayana ya riƙe, ni na yi shiru ina kallo. Kai dai ka kwance mana, ko da ƙarya.” Ban taɓa jin Inna ta yi magana a kan Kaka da irin wannan murya ba. Na ce mata to, na fita.

Iya ta zo bayan an shafa addu'a, mutane sun fara raguwa. Ta sa sabon leshi fari, wanda ta ɗinka don ranar suna. Ta gaisa da mata, ta yi wa Inna gaisuwa, sannan ta ce a kira mata ni. Aka ba mu zaure. Ta zauna a kan kujera tana haki, na durƙusa a gabanta.

“Ɗana, pele, sannu. Ya haƙuri?”

“Da godiya, Iya.”

“An ce ya ba ka.”

Maryam yana bakina, wallahi yana kan harshena. Na ɗaga kai na dube ta. Ta gyara ɗaurin kai, ta goge tafin hannunta a cinya, ta miƙe zaune kamar wadda za a miƙa wa jariri. Sai na kasa.

Na ce, “Iya, ya yi niyya. Ya sa bakinsa a kunnena. Amma murya ba ta fito ba. Ban ji komai ba.”

Na jira ta yi ihu ko ta zage ni, ko ta zagi Kawu, da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ce, “Wane kunne?” Na nuna mata. Ta miƙo hannu ta kama shi, yatsunta sanyi ƙalau, ta riƙe.

“Bakinsa ya motsa?”

“Ya motsa.”

“Sau nawa?”

Na rufe ido na koma ɗakin asibitin. Na ce, “Kamar uku, Iya. Ban tabbata ba.”

Ta gyaɗa kai. Ba ta saki kunnena ba. Ta kalli ƙofar zaure, ta ce a hankali, “Halima.” Ta yi shiru tana saurare. Ta ce, “Safiya.” Ta sake yin shiru. “Amina.” Duk wanda ta kira sai ta ba shi lokaci, sannan ta girgiza kai ta wuce na gaba. Hawaye ya hana ni gani. Na ce ko Hadiza ne, don sunan wata gwaggonsu ne da Kawu ke so. Ta matsa kunnena har na ji zafi.

“Kada ka taimake ni,” ta ce. “Ni na haife ta. In na zo kansa zan gane.”

Haka jikarta ta zo ta tarar da mu, ta kama ta suka fita, bakinta yana ta motsi har suka sha kwanar layi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabari, ya yafe masa wannan riƙo da ya yi don biyayya ga uwa. Allah ya sada shi da 'yarsa a inda ba a ɓoye suna. Ita kuma Iya, ya Ubangiji, ka sa ta zo kansa tun tana da rai.